Yadda Ake Zaɓen Saiwar Kava da Haɗa Ta Irin na Mutanen Tsibiran Fasifik

Kava tsiro ce da ake nomawa a tsibiran Tekun Fasifik, musamman Banuwatu da Fiji da Tonga da Samowa da Hawai, kuma dangin masoro ce ta kusa, domin masana tsirrai sun sa su a gida ɗaya mai suna Piper. Daga saiwarta ake yin wani abin sha mai launin ruwan ƙasa, mai ɗaci da ɗan yaji, wanda ake sha a fadar sarakuna da wurin sulhu da zaman hira bayan faɗuwar rana. Babu barasa a cikinsa, amma yana saki jiki, yana kwantar da hankali, kuma idan aka zarce yana sa tangaɗi. Mafi yawan masu fara haɗa ta sun ɗauka cewa ƙarfinta yana hannun mai matsa, alhali tun a gona ake yanke wannan hukunci, shi ya sa aikin yake farawa daga zaɓe.

Mataki na farko shi ne sanin irin kavar. Tsiron ba ya yin ƙwayar iri, da yankan kara ake dasa shi, saboda haka kowane iri da ake da shi a yau manoma ne suka zaɓe shi da hannunsu tsawon ƙarnuka. A Banuwatu kaɗai akwai iri kusan 80, kuma an kasa su gida biyu manya. Akwai masu daraja, waɗanda ake sha kullum, irin su Borogu ta tsibirin Fentikos da Melomelo ta Ambae da Palarasul ta Santo. Akwai kuma tudei, irin su Isa da Palisi, waɗanda suke saurin girma, suke ba manomi amfani mai yawa, amma suke barin mai sha da kasala da tashin zuciya har kwana biyu. Dokar kava ta Banuwatu ta shekarar 2002 ta hana fitar da tudei waje don sha, kuma ta ce kavar da za a kai ƙasashen waje sai ta shekara 5 a ƙasa kafin a tone ta.

Abin da ya raba gidajen biyu shi ne sinadaran da ake kira kabalakton. Manyansu guda shida ne, kuma an ba kowanne lamba daga 1 zuwa 6, ta yadda mai sayarwa na ƙwarai yakan rubuta jerin lambobin a jikin kaya, daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. Lamba 4 ita ce kabain, mai saurin aiki da sanya nishaɗi ba tare da nauyin kai ba. Lamba 2 ita ce dihaidirokabain, mai kwantar da jiki, ita kuwa lamba 5 tana daɗewa a jiki ƙwarai. Idan jerin ya fara da 42 ko 24, alama ce ta iri mai daraja, idan kuwa ya fara da 25 ko 52, tudei ce, sai a bar ta. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin tudei takan fi bugu, sai su ɗauka ita ce ta gaske. Mutanen da suka gaji abin ba su taɓa auna kyan kava da buguwa ba; abin da suke dubawa shi ne ko mutum zai tashi da safe garau ya tafi gona.

Mataki na biyu shi ne duba ɓangaren tsiron da aka niƙa. Mutanen Fiji suna kiran ƙananan jijiyoyin saiwa waka, suna kiran kututturen tushe lewena. Waka ta fi ƙarfi da ɗaci da tsada, lewena kuwa ta fi haske da sauƙin sha, kuma an saba gauraya su. Yawan kabalakton a busasshiyar saiwa yana kamawa daga kashi 3 zuwa kashi 20 cikin 100, gwargwadon iri da shekaru da ɓangare. Ganye da kara da ɓawon kara ba a shan su ko kaɗan, domin akwai wani sinadari mai suna fifametistin a cikinsu wanda ake zargi da cutar da hanta. Garin da yake warin fumfuna ko ya yi danshi shi ma na zubarwa ne.

Daga nan sai haɗi. A Banuwatu ɗanyar saiwa ake wankewa a yayyanka a niƙa, kuma ta fi busasshiya ƙarfi nesa ba kusa ba. A tsibirin Fonfei, inda ake kiranta sakau, a kan faffaɗan dutse ake daka ta, a tace da zaren ɓawon wata bishiya. A Fiji da Tonga kuwa busasshiya ake dakawa ta zama gari, kuma wannan ita ce hanyar da wanda yake nesa da tsibiran zai iya bi.

A auna gari giram 30 zuwa 50, a zuba a cikin tsaftataccen ƙyalle mai ƙananan ramuka, a ɗaure bakinsa, sannan a sa shi a kwano mai faɗi wanda aka zuba wa rabin lita na ruwa mai ɗumi. Kada ruwan ya zama tafasasshe, domin saiwar cike take da sitaci, kuma zafi mai yawa yana sa ta yi kauri da yauƙi har ta ƙi tatuwa. A bar ƙullin ya jiƙa na ɗan lokaci, sannan a shiga cuɗa shi a cikin ruwan ana matsewa, ana sake tsoma shi, kamar yadda ake tace gasara, har kimanin minti 10. Wannan cuɗar ita ce zuciyar aikin, saboda kabalakton ba ya narkewa a ruwa da kansa, sai an murje shi daga jikin garin ya bazu a cikin ruwan. Mai haɗi zai ji ƙullin yana santsi a hannu da farko, kamar da maiƙo a jikinsa, idan kuwa santsin ya tafi, ya koma jin dusa kawai a tafin hannu, to an gama. Sai a yi matsa ta ƙarshe da ƙarfi a ajiye dusar, wadda za a iya sake wankewa da ruwa kaɗan, ko da yake tata ta biyu ba ta kai ta farko.

A Fiji a babban akushin katako mai ƙafafu da ake kira tanoa ake haɗa ta, a riƙa ɗiba da ɓawon kwakwa mai suna bilo. Kafin kowace ɗiba sai an motsa, domin garin yana kwantawa a ƙasa, wanda aka ba na sama zai sha ruwa ne kawai. Baƙo yakan tafa sau ɗaya ya karɓa, ya shanye a tashi ɗaya, ya mayar da ƙoƙon ya tafa sau uku. Ana sha kafin cin abinci, kuma alamar farko ita ce harshe da leɓɓa su sage. Sauran aikin yana biyo baya cikin kimanin minti 20, saboda haka a jira wannan lokacin ya wuce kafin a yi tunanin ƙari.

Batun hanta ba abin wasa ba ne. A shekarar 2002 Jamus ta hana sayar da magungunan da aka yi da kava bayan rahotannin ciwon hanta, sannan kotu ta soke hanin a 2014, kuma yawancin abin da aka yi ƙorafi a kai ƙwayoyi ne da aka tatso da sinadarai a masana'anta, ba haɗin ruwa na gargajiya ba. Duk da haka, ba a haɗa kava da giya ko maganin barci, kuma mai ciwon hanta da mai juna biyu da mai shayarwa su nisance ta, haka ma wanda zai tuƙa mota. Wanda yake shan wani magani kullum ya tuntuɓi likita tukuna. Masu yawan sha na tsawon lokaci fatarsu takan bushe ta yi ɓawo, abin da mutanen Fiji suke kira kanikani, kuma yakan warke idan aka daina sha.