Idan Facebook ta sauke tallanku, ga abin yi

Duk wanda ya biya kuɗin talla a Facebook ko Instagram ya riga ya amince da sharaɗin kamfanin Meta mai Facebook da Instagram, cewa suna da ikon ƙin karɓar talla ko sauke shi duk lokacin da suka ga ya saɓa wa ƙa'idarsu. Tantancewar farko galibi ba ta wuce awa 24, kuma na'ura ce ke yin mafi yawanta. Ana sake dubawa bayan talla ya fara tafiya, shi ya sa wanda ya wuce ranar Litinin za a iya cafke shi ranar Alhamis.

Da farko ku karanta dalilin da aka rubuta a jikin tallan. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kayar da 'yan kasuwar Wuse da masu sana'a a gida a Kubwa, a Abuja, shi ne lafazi. "Kina fama da ƙiba?" ko "Kana da ciwon suga?" ba ya wucewa, domin an hana jingina wa mai karatu wata lalura. Ku bayyana hajar kawai: sunanta, nauyinta, farashinta. Hoton da aka jera tumbin mutum kafin shan magani da bayansa, ko alƙawarin warkewa cikin kwana bakwai, duk suna jawo matsala. Masu kayan mata kuwa, tallan da ya karkata ga jin daɗin shimfiɗa ba ya kai labari ko an sakaya. Haka jakar jabu mai tambarin Gucci.

Ana duba shafin da tallan ke kai mutum, don haka a gyara can ma.

In kun gane laifin, ku gyara rubutun ko hoton, tallan zai koma layin tantancewa da kansa. In kuna da yaƙinin na'ura ce ta yi kuskure, ku shiga Business Support Home, wato shafin Meta na taimaka wa masu talla, ku zaɓi tallan, ku nemi a sake dubawa. Maimaita laifi ɗaya na iya sa a kulle asusun tallan baki ɗaya, buɗe sabo da sunan ƙanwa ko miji don a zagaye hukuncin kuma laifi ne mai zaman kansa.

Mai maganin gargajiya ya tuna cewa amincewar Meta daban, ta NAFDAC daban. Hukumar na buƙatar rajistar maganin da kuma izinin tallata shi.