Idan an sa maka ƙarfe a kwankwaso, ga yadda za ka bi ka san lafiyarsa

Mu nan da an ce an yi wa mutum aikin kwankwaso sai a ce "an sa masa ƙarfe" shikenan, ba mai tambayar wane iri. To gaskiya ba iri ɗaya ba ne. Gaɓar da ake sakawa kamar ƙwallo ce da ke juyawa cikin ƙoƙo, wata ƙwallon ƙarfe ce a ƙoƙon roba mai tauri, wata ta tangaran ce, wata kuma ƙarfe ne a kan ƙarfe. Wannan ta ƙarshen ita ce ta jawo surutu, saboda duk takun da ka yi ƙarafunan suna gogar juna suna zubar da ɗan gari da ido ba ya gani, kobalt da kromiyam, wani ya taru a naman wajen ya riƙa cinye shi a hankali wani kuma ya shiga jini. A watan Agustan 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na ƙarfe kan ƙarfe mai suna ASR daga kasuwa bayan an saka wajen 93,000 a duniya, har da Indiya inda mutanenmu suke yawan zuwa a yi musu aiki, musamman masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ke mutuwa tun suna matasa.

Don haka fara da neman takardunka. Takardar sallama da bayanin tiyata, galibi akwai 'yar sitika da aka manna mai sunan kamfani da lambar kayan. Yayana da aka yi wa aiki a waje sai da muka zazzage akwati biyu kafin muka samo tasa cikin wani tsohon fayil, ashe ma tangaran ce, hankalin kowa ya kwanta. In babu, rubuta wa asibitin su turo maka, ko ka kai hoton ƙashi wajen likitan ƙashi irin na Asibitin Dala a Kano, sau da yawa daga hoton ma yana iya gane nau'in.

In ta tabbata ƙarfe kan ƙarfe ne, kar ka ce ai ba na jin ciwo, domin wani naman yana lalacewa shiru ba alama. Ka roƙi likita ya rubuta maka gwajin kobalt da kromiyam a jini, ba kowane lab ke yi ba wani lokaci sai an tura jinin wani wuri, kuma akwai kwalba ta musamman da ake ɗiba a ciki don kada sakamakon ya gurɓata. Hukumar MHRA mai kula da magunguna da kayan asibiti a Birtaniya ta sa maikurogiram 7 a lita ɗaya ta jini a matsayin inda ake ƙara sa ido, amma kar lamba ɗaya ta firgita ka, abin da likita ya fi dubawa shi ne tana hawa ne ko tana tsaye idan an maimaita bayan 'yan watanni. A haɗa da gwajin ƙoda tunda ita ce ke fitar da ƙarfen ta fitsari. In akwai shakku za a yi sikanin ko MRI irin wanda aka saita don masu ƙarfe a jiki, shi ne ke nuna ruwa ko ƙullutu da ya taru a gefen gaɓar.

Abubuwan da ba a jira da su: sabon ciwo a matsematsi ko ɗuwawu, kumburi, ƙara ƙas-ƙas in kana tafiya, ɗingishin da da babu shi. Wanda mutane ba sa kawowa a ransu kuma shi ne raguwar ji ko gani, ƙafa ko hannu su riƙa dindiris, haki da kumburin ƙafa, kasala marar dalili. Ba kasafai ƙarfen da ke shiga jini yake kaiwa haka ba amma duk likitan da ka je wajensa, ko na ido ne, faɗa masa kana da ƙarfe a kwankwaso. Ke kuma mai niyyar ɗaukar ciki ki yi maganar da likitanki tun kafin.

Kuma don Allah a bar maganar jiƙon wankin jini, muddin gaɓar tana gogawa garin zai ci gaba da zuba, in ta lalace sai an sake aiki an canja ta da tangaran ko roba, kuma aikin ya fi sauƙi tun naman wajen bai gama cinyewa ba.