Yadda ake hana rogo yin baƙi bayan an tone shi

Duk wanda ya sayo rogo a kasuwar Mai'aduwa ya kawo shi gida Daura ya san cewa bayan kwana biyu ko uku, idan aka fere shi, za a tarar da baƙin zane ya bi jijiyoyinsa, ya ƙi dahuwa, ɗanɗanonsa ya canja. Akan ce ruɓewa ya yi, alhali ƙwayoyin cuta ba sa kama shi sai bayan kwana 5 zuwa 7. Saiwar ce take ɓata kanta.

Da zarar fartanya ta ji mata rauni, sinadarin linamarin da ke cikinta yana sakin gubar sayanayid, wadda ke toshe numfashin ƙwayoyin halittarta. Daga nan sai wasu sinadarai masu ƙuna da ke samuwa daga iskar oksijin su taru, su haɗu da sikofoletin da saiwar ke fitarwa domin kare kanta, baƙin ya bayyana. Saboda haka aikin duka biyu ne: a rage rauni, a kuma hana iska shiga wanda aka riga aka yi.

A fara tun rogon yana ƙasa. Mako biyu zuwa uku kafin tono, a sare karan a bar kamar taƙi ɗaya. Wannan yana jinkirta baƙin sosai, ko da yake sitacin yakan ɗan ragu.

Ranar tono, a haƙa da sassafe, a kewaye gindin a hankali, kada a fizge. A bar wa kowace saiwa guntun wuyanta, domin ta wurin da aka ɓalle ta baƙin yake fara shiga. A ganina nan ne aka fi yin asara, wajen gaggawar cika buhu da jefa shi a mota.

Sai a ware lafiyayyun, a jera su a akwati ko rami a inuwa, ana lulluɓe kowane jeri da garin katako mai danshi, ba mai ɗigar ruwa ba. Ɗumi da laima suna sa raunin ya rufe, rogon ya kai makonni. Busasshiyar iskar hunturu irin tamu kuwa hanzarta ɓacin take yi.

Wanda ya karye ko ya ƙuje kada ya kwana: a dafa shi ranar, ko a fere a jiƙa, a shanya a yi alabo.