Babi na 6: Idan Mota Ta Yi Zafi a Hawan Mambila, Ko Ruwa Ya Tsare Ku a Hanya

Wannan babin na masu doguwar tafiya ne da motarsu, waɗanda ke kafa tanti inda dare ya yi musu. Mun ɗauki hanyar Mambila a Jihar Taraba: daga Jalingo zuwa Bali, zuwa Serti, zuwa Mayo Selbe, inda ake fara hawan dutse har Nguroje da Gembu. Hawan dogo ne, ga kwana-kwana, ga ruwan damina da hazo. Ku karanta a hankali. Wanda bai gane ba ya sake karantawa, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Mota ta yi zafi

A gaban direba akwai wata allura tsakanin haruffa biyu, C da H. C na nufin sanyi, H na nufin zafi. Wurin zamanta tsakiya ne. In ta nufi H, injin yana dahuwa. Da hawa aka fi ganin haka, domin injin na aiki da ƙarfi, motar kuma na tafiya sannu, iska ba ta shiga lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya injin, sosai.

Ku kauce gefen hanya inda mai zuwa zai hango ku, ba a cikin kwana ba. Ku ja birkin hannu, ku kashe injin, ku sa dutse a bayan taya. In tururi na fita, ku bar bonet a rufe sai ya lafa.

Yanzu ga inda masu koyo ke faɗuwa. Kada ku buɗe murfin lagireto. Lagireto shi ne tankin ruwan da ke can gaba, bayan hancin mota, murfinsa na samansa. Kada ku taɓa shi. Ku jira minti 30 cur, a agogo, ba a ƙiyasi ba.

Ga dalili. A tukunya ruwa na tafasa a digiri 100. A cikin lagireto murfin ya danne shi, don haka yakan wuce 100 bai tafasa ba. Da zarar an murɗa murfin, sai ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsartuwa sama, daidai inda fuskar mutum take.

Bayan minti 30, ku taɓa tiyon roba mai kauri da ya fito daga saman lagireto. In hannu bai jure ba, ko tiyon ya yi tauri, lokaci bai yi ba. Ku ƙara jira. In ya huce, ku ninka tsumma mai kauri a kan murfin, ku kau da fuska, ku murɗa kaɗan ta hagu. Kun ji “fsss”? Ku tsaya har ya yi shiru, sannan ku ƙarasa.

Mu maimaita. Mota ta yi zafi, me za a fara yi? A kashe injin. Sai me? A jira minti 30. A buɗe murfi kafin nan? A'a.

Haba jama'a! Ana faɗa ana nanatawa, amma sai wani ya ce “ai na saba”, ko “dare zai yi mana”. Tafasasshen ruwa bai san sabo ba. Sauri ya haifi nawa. Yanzu kowa ya ɗauki biro ya rubuta a takarda: KADA A BUƊE DA ZAFI. MINTI 30. Ku manna ta kusa da sitiyari. Ko rubutun ya karkace, ba komai, madalla da ƙoƙari.

Wajen zuba ruwa, a zuba sannu a hankali. Ruwan sanyi a kan injin mai zafi na iya tsaga shi. Ku riƙa tafiya da jarka mai lita 20. Sannan ku nemi musabbabin: fanbel ya tsinke ko ya saki? Fanka na juyawa? Tiyo na yoyo? In baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone. Kada ku sake tayar da motar, a nemo bakanike.

Da gangarowa kuma, ku sa giya ta 1 ko ta 2. Wanda ya dogara da birki kaɗai, birkin zai yi zafi ya daina kamawa.

Darasi na 2: Mota ta kafe a taɓo

Ku daina taka totur, taya ƙara nutsewa take yi. Ku kwashe taɓon gaban taya da shebur, ku cusa rassa ko duwatsu. Ku rage iskar taya zuwa wajen 20 a ma'aunin iskar taya (PSI), in kuna da famfon mayarwa. A tashi a giya ta 2, a hankali. Masu turi kada su tsaya daidai bayan taya. In ruwa mai gudu ya rufe hanya, ku jira ya janye. Zurfin santimita 30 ya isa ya ɗauke ƙaramar mota.

Darasi na 3: Tanti da ruwan sama

Ku kafa a tudu, nesa da rafi, ba a ƙarƙashin bishiya ba. Ƙofa ta ba iska baya. In ana tsawa, ku koma cikin mota ku ɗaga gilashi. Mambila akwai sanyi, amma kada a shiga da gawayi cikin tanti, hayaƙinsa na kisa cikin barci.

Darasi na 4: Batir ya mutu

Ku duba kawunansa, ku kankare farin garin da ya taru, ku ɗaure da kyau. In motar mai giyar hannu ce, a tura ta a giya ta 2.