Yadda Za a Magance Matsalar Bidiyon Allo da Ya Ƙi Shiga Manhajar Tace Bidiyo

Bidiyon da aka naɗa daga allon kwamfuta ko na waya ya fi wanda aka ɗauka da kyamara yawan ba da wahala a wajen tacewa. Wani lokaci Premiere Pro zai ce bai san irin fayil ɗin ba, wani lokaci DaVinci Resolve zai nuna jan allo ɗauke da rubutun Media Offline, wani lokaci kuma bidiyon zai shiga lafiya, amma bayan 'yan mintuna sai a ga murya da hoto ba sa tafiya tare. Mutane da yawa sukan garzaya su cire manhajar su sake sa ta, alhali a mafi yawan lokuta matsalar tana cikin fayil ɗin ne, kuma ana iya gano ta cikin minti biyu.

Kafin komai, ka yi kwafin fayil ɗin na asali ka ajiye a gefe, sannan ka buɗe shi da MediaInfo, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da ke bayyana abin da ke cikin bidiyo. Abubuwa uku za ka duba: mazubin fayil ɗin, kodek ɗin da aka matse hoton da shi, da layin da aka rubuta Frame rate mode. MP4 da MKV da MOV da WebM duk mazubi ne, kamar buhu, H.264 da HEVC da AV1 kuma su ne hatsin da ke ciki, saboda haka fayiloli biyu za su iya ƙarewa da .mp4 amma ɗaya ya shiga ɗayan ya ƙi. Kada kuma ka dogara da cewa VLC ya kunna bidiyon, domin VLC yana tafe da nasa kodek-kodek masu yawa, yana kunna abin da manhajar tacewa ba za ta taɓa ba.

Idan mazubin ne matsalar, gyaran yana da sauƙi. Masu naɗa da OBS Studio, wata manhajar naɗar allo, sun fi haɗuwa da wannan, saboda an daɗe ana naɗa da shi a MKV, kuma sigogin Premiere da yawa ba sa karɓar MKV. Ba ka buƙatar sake matse bidiyon. A cikin OBS ɗin ka shiga File, ka zaɓi Remux Recordings, ka nuna masa fayil ɗin, zai juye hoton da sautin cikin MP4 ba tare da ingancin ya ragu ko kaɗan ba, kuma yakan gama da sauri domin kwashewa kawai yake yi. Mai amfani da FFmpeg, manhajar juya bidiyo da ake rubuta wa umarni, zai iya yin haka da wannan umarnin:

ffmpeg -i rikodi.mkv -c copy rikodi.mp4

Canja sunan fayil da hannu daga .mkv zuwa .mp4 ba ya canja mazubin, kuma ko da manhajar ta karɓe shi, ba abin dogaro ba ne ga aikin da za ka shafe sa'o'i a kansa.

Matsalar da ta fi ɓata rai ita ce ta saurin firam mai sauyawa, wato adadin hotuna a kowace daƙiƙa yana hawa yana sauka, wadda MediaInfo ke nunawa da kalmar Variable. Kyamarar aiki tana ɗaukar adadin hotuna ɗaya a kowace daƙiƙa, ko 25 ko 30 ko 60, kuma a kan wannan tsarin aka gina manhajojin tacewa. Na'urar naɗar allo kuwa, musamman ta waya da irin su Xbox Game Bar da ta NVIDIA, takan rage adadin idan babu abin da ke motsi a allon ko idan aiki ya yi wa injin nauyi, sannan ta ƙara idan motsi ya dawo. Sauti shi kuma yana tafiya ne a kan sauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan manhajar tacewa ta ɗauka cewa kowace daƙiƙa tana da firam 30 alhali wasu daƙiƙun 18 suke da shi, tazarar za ta riƙa taruwa kaɗan-kaɗan, shi ya sa farkon darasin yake daidai amma a minti na ashirin mai magana yana bayanin maɓallin da aka riga aka danna tuntuni. Adobe ya ƙara wa Premiere hanyar kula da irin waɗannan fayiloli tun 2018, amma a ganina ga bidiyo mai tsawo gara a daidaita fayil ɗin tun kafin a shigar da shi, maimakon a riƙa yanka sauti ana ja da hannu.

HandBrake, wadda ita ma kyauta ce, ta isa wannan aikin. Ka buɗe fayil ɗin, ka bar mazubi a MP4, ka shiga shafin Video ka zaɓi H.264, ka sa saurin firam a 30 ko 60 gwargwadon yadda aka naɗa, sannan ka danna Constant Framerate. Wannan dannawar ita ce ainihin gyaran, kuma ita aka fi mantawa. A wajen inganci ka sa lambar RF a 18 ko kusa da haka. Ƙaramar lamba tana ba da hoto mafi tsafta da fayil mafi girma, kuma bidiyon allo yana buƙatar tsaftar saboda ƙananan rubutun da ke cikinsa. Ka duba shafin Dimensions kuma, don kada a rage girman hoton ko a datse gefensa ba da saninka ba. Da FFmpeg umarnin shi ne:

ffmpeg -i rikodi.mp4 -r 30 -fps_mode cfr -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac sabo.mp4

Wannan juyin yana magance matsalar kodek ma. Windows ba koyaushe yake zuwa da abin buɗe HEVC ba, sai an sa HEVC Video Extensions daga Microsoft Store, kuma AV1 yana yi wa tsofaffin kwamfutoci nauyi. Resolve na kyauta a kan Linux ba ya buɗe H.264 ko HEVC, ba ya kuma karanta sautin AAC, don haka a can sai a juya bidiyon zuwa DNxHR ko ProRes da sauti na PCM, a kuma tanadi wuri a faifai domin fayil ɗin zai ninka sau da yawa. Bidiyon WebM da ake naɗa ta burauza shi ma juyawa yake so. Na Zoom kuwa, idan ka tarar da fayil mai ƙarewa da .zoom, ba a gama haɗa shi ba ne, sai ka danna shi sau biyu Zoom ɗin ya mayar da shi MP4.

Akwai kuma fayil ɗin da ya lalace tun a wajen naɗa, wanda duk mai aiki a inda ake yawan ɗauke wuta ya san shi. MP4 na gargajiya yana rubuta jadawalin da ke nuna inda kowane firam yake ne a ƙarshen naɗi, don haka idan kwamfuta ta mutu kafin a danna tsayawa, za ka ga fayil mai girma amma babu manhajar da ke buɗe shi, FFmpeg kuma zai ce moov atom not found. Manhajar Untrunc tana iya sake gina jadawalin idan ka ba ta wani lafiyayyen bidiyo da aka naɗa da na'ura ɗaya da saiti ɗaya, kodayake ba kullum take yin nasara ba. Ka kuma kwatanta girman fayil ɗin da na asalinsa idan an turo shi ta Xender ko filasha, domin turawar da ta katse tana ba da alamomi iri ɗaya, kuma filasha mai tsarin FAT32 ba ta ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4.

Idan MediaInfo bai nuna wata matsala ba, ka kwafe fayil ɗin daga waya ko filasha zuwa faifan kwamfutar, ka ba shi gajeren suna marar ƙ, ɗ, ɓ ko wata alama, domin wasu manhajoji suna tuntuɓe a kan irin waɗannan haruffa a sunan fayil ko na folda. A Premiere ka shiga Preferences, sannan Media Cache, ka goge ma'ajiyar wucin gadi, saboda yakan riƙe bayanin tsohon fayil mai suna ɗaya. Sai bayan duk wannan ya dace ka sabunta direban katin hoto ko manhajar kanta.

Ga naɗi na gaba, don kauce wa lalacewar fayil idan wuta ta ɗauke, ka saita OBS a kan MKV tare da kunna juyawa ta atomatik zuwa MP4 da ke shafin Advanced, ko ka zaɓi Hybrid MP4 idan sigarka ta kai 30.2, ka sa kodek a H.264, sannan ka naɗa gwaji na daƙiƙa talatin ka shigar da shi manhajar tacewa kafin ka fara darasin gaba ɗaya.