Babi na Shida: Wa Ke da Wane Iko a Gwamnati?

Darasi na ɗaya: Littafin da ke saman kowa

Iyayena da 'yan'uwana, ku buɗe littafin rubutu, ku nemi shafin da ba a taɓa ba. A samansa ku rubuta kalmomi uku: kundin tsarin mulki. Ku rubuta a hankali, babu mai korarku.

Wannan kundi shi ne littafin da ya faɗi yadda za a mulki Najeriya. Wanda ake aiki da shi yanzu ya soma aiki ranar 29 ga Mayu, 1999, kuma yana da sassa 320. Sashe yanki ne na rubutu mai lamba a gabansa. Sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin ta faɗi, ko a Abuja aka yi ta ko a nan Kano. Gwamna da shugaban ƙasa duk a ƙarƙashinsa suke.

Darasi na biyu: Gida uku

Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa. Biyu, ba uku ba. Layi biyu ne ke ba da gida uku. A gida na farko ku rubuta majalisa, masu yin doka, sashe na 4. A na biyu ku rubuta zartarwa, masu yin aiki da dokar, wato shugaban ƙasa da ministoci, gwamna da kwamishinoni, sashe na 5. A na uku ku rubuta kotu, masu raba gardama, sashe na 6.

Mata masu adashi sun san dalilin rabon. Idan mace ɗaya ce ke yanke ƙa'ida, ita ke riƙe kuɗi, ita ce kuma ake kai wa ƙara, ranar kwasa za a ji kuka.

Yanzu ku natsu, nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe. Ɗan majalisa a gida na farko yake. Doka yake yi. Ba shi ke riƙe baitulmali ba, ba shi ke ba da kwangilar titi ba. Ku sa yatsa a gida na farko ku faɗa da baki: ɗan majalisa doka yake yi. Madalla. Ku sake.

Ga yadda titi ke zuwa unguwa. Gwamna ne ke kawo kasafin kuɗi gaban majalisar jiha. Majalisa ta duba, ta ƙara ko ta rage, ta amince. Sashe na 120 ya hana a taɓa kuɗin jiha sai da wannan amincewar. Daga nan ma'aikatar ayyuka, wadda ke gida na biyu, ta ba ɗan kwangila. Kun ga hannun ɗan majalisa a amincewa ya tsaya, shimfiɗa kwalta na zartarwa ne.

Wani zai ce, to ai ga famfon burtsatse a layinmu da sunan ɗan majalisa a jikin allo. Gaskiya ne. Wannan shi ne aikin mazaɓa: ɗan majalisa ya nemi a sa aikin cikin kasafi, amma kuɗin na gwamnati ne, kuma wata hukuma ta gida na biyu ce ke da alhakin haƙawa. Allon ne ke ruɗa mutane. Wanda ya ruɗe kada ya ji kunya, ya koma ya sa yatsa a gida na farko.

To me za ku tambayi ɗan majalisarku? Ku tambaye shi ko ya sa asibitin unguwa cikin kasafi. Idan an sa kuma ba a yi ba, ku tambaye shi ko majalisa ta kira kwamishina ya yi bayani, domin sashe na 128 ya ba ta ikon bincike. Wannan tambaya ta fi roƙon buhun shinkafa amfani nesa ba kusa ba.

Ku rubuta waɗannan lambobin a gida na farko. Sanatoci 109, uku na Kano. 'Yan majalisar wakilai 360, Kano na da 24. 'Yan majalisar dokokin jihar Kano 40, suna zama a sakatariyar Audu Bako. Dukkansu doka suke yi, sanata ma haka.

Haba jama'a! Duk da wannan maimaici, sai a ga dattijo mai jikoki ya rubuta sanata a gida na biyu, wai don ya fi kowa motoci. Mota ba ta sauya sashe na 4. Wanda ya yi haka ya goge yanzu, kada ya juya shafi sai ya gyara.

Darasi na uku: Hawa uku

Bayan gida uku akwai hawa uku: tarayya, jihohi 36, ƙananan hukumomi 774, cikinsu 44 na Kano.

Soja, 'yan sanda, kwastan, fasfo da buga kuɗi na tarayya ne kaɗai. Hedikwatar 'yan sandan Kano tana Bompai, amma rundunar ba ta gwamna ba ce. Hisba da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, kuwa dokar jiha ce ta kafa su. Dokar masarautu ma ta jiha ce, shi ya sa majalisar Kano ce ta yi ta a 2019, ita ce kuma ta soke ta a 2024. Wasu abubuwa, kamar jami'o'i da lantarki, tarayya da jiha duk suna iya yi musu doka. Idan dokokin suka yi karo, ta tarayya ce ke tsayawa.

Kundin ya lissafa wa ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mayanka da kwashe shara. Ilimin manya irin wannan ma tana da hannu a ciki.

Darasi na huɗu: Sa hannu

Majalisa ta gama ƙudirin doka, ta aika wa gwamna. Yana da kwana 30. Idan ya ƙi sa hannu, kashi biyu cikin uku na majalisa suka sake amincewa, ya zama doka. A Abuja ma haka ake yi da shugaban ƙasa.

Darasi na biyar: Kotu

Wanda bai gamsu da hukuncin Babbar Kotu ba ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli. Daga ita babu gaba.

Aikin gida: ku rubuta sunan sanatanku, da ɗan majalisar wakilanku, da ɗan majalisar jiharku, kowanne a gidan da ya dace. Ku zo da littafin ranar Asabar.