Ka ci shari'a amma an ƙi biyanka kuɗinka? Ga yadda ake bi a Abuja

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne kotu ba za ta bi maka bashinka da kanta ba. Alƙali ya yanke hukunci a biya ka, har da kuɗin ɗawainiyar shari'a, shikenan ya gama nasa, kai ne za ka koma ka nemi a zartar. Ni kaina sai da na yi wata huɗu ina jiran alat daga wani da na kai wa siminti daga Dei-Dei, wallahi ko sisi, kullum sai ya ce gobe.

Fara da zuwa rajistiri na kotun da aka yi shari'ar, ko Maitama ce ko ina, ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, wanda lauyoyi ke kira sitisi. In ba wannan takardar a hannunka ba inda za ka je.

Hanya mafi sauƙi ita ce ganishi, wato kotu ta riƙe kuɗin wanda kake bi da ke banki. Lauyanka zai shigar da takarda ba tare da an sanar da mutumin ba tukuna, alƙali ya ba da odar wucin gadi, a kai wa bankin da shi wanda ake bi aƙalla kwana 14 kafin ranar zama, ranar nan banki zai zo ya faɗa wa kotu ko akwai kuɗi a asusun, in akwai kuma ba wata hujja sai a mai da odar ta dindindin a biya ka. Shi ya sa nake roƙon 'yan kasuwa, don Allah duk wanda ya taɓa turo maka kuɗi ka ajiye rasit ɗin, nan za ka san bankinsa. Kuma ka kama bakinka, in ya ji ƙishin-ƙishin zai kwashe kuɗin kafin odar ta iso. Amma fa in ma'aikatar gwamnati kake bi, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce sai an samu amincewar Atoni Janar, wato babban lauyan gwamnati, nan kam sai haƙuri.

In asusun ba komai sai a koma fifa, wato takardar kotu ta kama kayan wanda ake bi. Bayan kwana 3 da hukunci za ka iya nema, ma'aikatan kotu su je da 'yan sanda su kwashe mota ko janareto ko kayan shago, in kwana 5 suka wuce da kwashewar bai biya ba a yi gwanjonsu. Gida ko fili ba a taɓawa sai kayan ɗauka sun kasa, kuma sai da izinin kotu. Kar ka kuskura ka ɗebi yaran unguwa ka je kwasar kaya da kanka, kai za ka kwana a sel.

Zai iya ce maka ai ya ɗaukaka ƙara. Wannan kaɗai ba ya tsayar da komai, sai in ya shigar da takardar neman a dakatar da zartarwa, to nan ka jira a saurare ta. In kuma dukiyarsa tana Jos ko Kaduna, sai ka karɓi satifiket na hukuncin ka yi masa rajista a kotun can, su za su zartar maka.